A Faɗa wa Baba Kwamfutarsa Na Hannuna

Yaya Jucélia,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya jikin Baba? Yana cin abinci kuwa? Ki gaida Inna Zefa.

Ni lafiya lau nake a São Paulo. A shagon gyaran kwamfuta nake kwana, sanyin ƙasa yana shiga ƙashi, amma na fara sabawa.

Yaya, aikin ya ƙi. Kin san tun da shanyewar jiki ta kama harshen Baba, da tsohuwar kwamfutar nan kaɗai yake magana, da yatsa ɗaya. Na yi masa alkawarin zan sa mata katin ajiya irin na waya, a kwashe kalmomin da ya tara kafin faifan ajiyarta ya ƙarasa lalacewa. Ni da mai shagon mun haɗa katin, kalmomin sun shiga duka, har na yi ihu. Washegari muka kunna, allo ya yi baƙi. Seu Norberto, mai shagon, ya ce, "Ɗana, wannan tsohuwa ta girme ka, sabon haƙori ba ya zama a bakinta." Ya yi dariya, ni na fita waje na yi kuka.

Ya ce sai an samo irinta a ciro madadin abin da ya ƙone. Don Allah ki je wurin Dona Iracema, mijinta marigayi ya bar irinta ɗaya. Ki roƙe ta, ko da durƙusawa ne.

Kafin nan, ki riƙe hannun Baba, ki riƙa kiran haruffa ɗaya bayan ɗaya, ya matsa miki idan kin zo kan wanda yake so. Ko zagina ya haɗa, ki rubuto min.

Allah ya ba shi lafiya.

Ƙaninki,
Edivaldo