Kafin Ruwan Duwala Ya Ɗauke

Zuwa ga yayana Ɗanlami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan wannan ta same ka a duk inda Allah ya ajiye ka, ni ne ƙanenka Bala, daga gidanmu na unguwar New Bell, nan Duwala.

Tun da wurin aikinku suka tura ka gyaran eriya yankin masu Ingilishi na Kamaru, inda ake ta harbe-harbe, ba mu sake jin muryarka ba. Damina ta zo, ga ta tana shirin wucewa.

Farantin eriya da ka kafa a kan rufinmu, mai fuskantar ofishinku na unguwar Bonapriso, yana nan. Shi ke ba mu rezo, wato sabis ɗin waya, ta nan kake kiran Inna. Ka san ruwan garin nan ba ya sallama. Da ya sauko kamar da bakin ƙwarya sai rezo ya yi ƙasa, in iska ta ɗan karkata farantin kuma, shi ke nan. Na tuna kana naɗe bakin wayar farantin da baƙin tef kana cewa, "Iskar teku ta fi ɓarawo, tsatsa take bar maka."

Bayanin da ka yi mata cewa ruwa ke ɗauke rezo, shi Inna ta riƙe. Duk ranar da ba ka kira ba, ruwa ne. Har ta sa maƙwabci ya hau ya kifa wa farantin daronta na ƙarfe don kada ya jiƙe. Rezo ya ɗauke ɗif. Da kana nan, kai da ba ka raina abin tsokana, da ka yi dariya har da hawaye. Na hau na cire daron, na saita farantin yadda ka koya mini, komai ya dawo daidai. Na sauko na ce mata har yanzu hadari ne ke tarewa.

Yaya, tsoro nake ji. Inna ta daina kallon hanya, sama take kallo. In hadari ya haɗu, ta ci abincinta ta yi hira. In rana ta fito, sai ta zauna da waya a cinya har magariba, ba mai iya tanka mata.

Ruwa ya fara ja da baya, jiya da yau ko ɗigo. Rani na shigowa rezo zai tsaya daram, ni kuma ban san abin da zan ɗora wa laifi ba.

Allah ya tsare ka, ya buɗe maka hanyar gida. In kuwa ya riga ya karɓe ka, Allah ya haskaka makwancinka, ya ba ni bakin faɗa mata. Kafin nan, Allah ya ƙara mana ruwa.

Ƙanenka mai jiran kiranka,
Bala