Lallen da Ya Hana Ɗalibai Tara Jarrabawa

Abdullatif Dawuda Yashe,
Yashe, Ƙaramar Hukumar Kusada.
29 ga Afrilu, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Ilimi
Mai Kula da Shiyyar Kankiya da Kusada.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƊALIBAI MATA TARA DA SUKA RASA JARRABAWAR SHIGA JAMI'A BAYAN TARON GOYON BAYAN MATAN AFGANISTAN

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gabatar da kokena a matsayin mahaifin Rauda Abdullatif, ɗalibar ajin ƙarshe a sakandaren 'yan mata.

1. Ranar Alhamis, 18 ga Afrilu, Ƙungiyar Fitilar Zumunci, ƙarƙashin Hajiya Kubura Babba, ta yi taro a makarantar don nuna goyon baya ga 'yan matan Afganistan da aka rufe wa sakandare tun 2021. Ina goyon bayan wannan manufa da zuciya ɗaya. Na halarta, na yi tafi, har na ci cincin.

2. Domin hoton da za a aika wa ƙungiyoyin waje ya yi kyau, Hajiya ta zaɓi ɗalibai tara su tsaya a sahun gaba da hannuwa a sama. Ta kawo mai ƙunshi tun Laraba, aka yi musu lalle haɗe da dayis har kan yatsu. Ba a tambayi iyaye ba. Malamar ajinsu, Malama Zuliha, ta tuna mata cewa yaran suna da jarrabawa ranar Asabar, aka amsa mata da cewa lalle ba ya hana riƙe biro. Wannan gaskiya ne. Sai dai da kwamfuta ake jarrabawar, kuma sai na'ura ta karanta zanen yatsa kafin a shiga.

3. Ranar Asabar, 20 ga wata, na kai Rauda cibiyar jarrabawa da kaina. Na'ura ta ƙi yatsunta goma, ɗaya bayan ɗaya, haka sauran ɗalibai takwas ɗin. Muka sa lemon tsami, muka sa omo, wani direba ya ba da kalanzir. Ma'aikatan sun yi haƙuri da mu har aka rufe ƙofa, kuma ba ni da ƙorafi a kansu. Yaran suka zauna a gindin katanga suna jin ana kiran lambobin kujerunsu.

4. Na je wurin Hajiya sau biyu. A zuwan farko ta nuna mini a wayarta cewa mutum dubu huɗu sun yaba hoton, har daga Kanada. A na biyu aka ce ta tafi Abuja taro kan ilimin mata. Ina taya ƙungiyar murna: ta tashi kare 'yan matan da aka hana karatu, ta ƙara musu tara daga Kusada.

5. Ɗiyata shekara biyu tana shirin karatun jinya. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ce ba ta da-na-sanin ɗaga hannu, domin 'yan matan Afganistan ko ranar sake jarrabawa ba su da ita. Shekaranjiya mahaifiyarta ta same ta tana goge yatsun da dutsen kaushi har sun yi jini. Idan zanen ya lalace, na'urar za ta sake ƙin ta ko babu lalle.

Saboda haka ina roƙon ofishinka ya rubuta wa hukumar jarrabawar, ya tabbatar cewa yaran sun je a kan lokaci, domin a sa su cikin waɗanda za a sake yi wa. An shaida mini za a rufe karɓar sunaye ranar Juma'a, 3 ga Mayu. Bayan nan sai baɗi, kuma iyayen uku daga cikinsu sun riga sun ce ba za su sake barin su su rubuta ta ba. Ina kuma roƙon a umarci ƙungiyar ta ba da shaida a rubuce. Ba na neman a hukunta kowa. Kwana huɗu suka rage, ranka ya daɗe.

Na haɗa sunayen yaran tara da lambobin rajistarsu. Allah Ya ƙara girma, Ya taya riƙo.

Naka cikin ladabi da biyayya,
Abdullatif Dawuda Yashe