Na Ɓoye Wa Baba Gayyatar Mafarauta

Gwaggo Hajo, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin kwana goma sha ɗaya suka rage. Na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba: na ɓoye wa mahaifina saƙon da aka aiko masa ta wayata.

Ni malamar firamare ce a Keffi, gidanmu yana Jigwada. Baba ya yi ritaya daga aikin tsaron gandun daji, shekarunsa sittin da takwas, kuma tun kafin a haife ni yake farautar tsuntsu, fakara da zabin daji. Yana da kare mai suna Tauraro, saboda farin ɗigo da ke goshinsa, an yi masa ɗan ɗaki a bayan gida. Ba zan ɓoye miki ba, na tashi ina jin kunyar wannan sana'a. A makaranta 'ya'yan mai kare ake ce mana, har na taɓa sauya hanya don kada ƙawayena su gan ni tare da Baba ya dawo daga daji.

Bara, bayan an gama girbi, mafarautan tsuntsaye suka yi taro a wani fili kusa da Garaku. Mama ta matsa mini in raka shi saboda maganin hawan jininsa, wanda ba ya sha sai an tsaya a kansa. Na tafi ina ɓata rai. Gwaggo, abin da na gani ya wuce tunanina. Ga Mada, ga Eggon, ga Gwandara, ga Fulani da Hausawa, sun zauna a inuwar mangwaro suna gardama mai daɗi kan watannin da bai kamata a taɓa fakara ba saboda tana kan ƙwai, da kuma hukuncin duk wanda ya cinna wa daji wuta. Ni da na ɗauka taron surutu ne, sai ga ni na fito da biro ina rubutu.

Da aka zo gwajin karnuka a wata gonar dawa da aka girbe, yawancinsu da gudu da haushi suka shiga, suka tarwatsa tsuntsayen tun masu su ba su shirya ba. Tauraro kuwa sai ya shiga a hankali, cikinsa kusa da ƙasa. Can sai ya ƙame. Ƙafar gaba ɗaya a ɗage, jela a miƙe, ko kunne bai motsa ba. Baba bai yi gaggawa ba, har da gyara zaman hularsa. Sai da ya yi wani ɗan fito sau biyu, sannan karen ya zabura, fakara ta tashi, Baba ya harbo ta. Tauraro ya ɗauko ta ya ajiye a gabansa babu ko shatin haƙori a jikinta, da sauran ranta, Baba ya yi bismillah ya yanka. Tsofaffi suka miƙe tsaye. Ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska na sha kuka, don ranar na san ko wane ne ubana.

To, makonni uku da suka wuce Baba Malachi, aminin Baba na shekara arba'in kuma sakataren ƙungiyarsu, ya turo saƙo ta wayata, tunda ta Baba ƙarama ce mai tocila. Wai za a yi babban taron mafarautan tsuntsaye na kwana biyu a Abuja, daga jihohi da dama, kuma an zaɓi Baba da Tauraro su nuna aikinsu. Da murnata na kira yayana Zulkifilu, wanda ke aiki a can. Sai ya rufe ni da faɗa. Ya ce in yi tunanin dattijo da rigar layu, da bindiga a kafaɗa, da kare, a cunkoson Mararraba, a wannan zamani da kowa ke kallon kowa a matsayin mai garkuwa da mutane. Ya ce kafin Baba ya buɗe baki ya yi bayani, wani ya riga ya kwarma ihu. Ya lissafo mini shingayen jami'an tsaro da motocin da ke kwasar fasinja su yi musu fashi. Ƙarshe ya ce in goge saƙon, in yi kamar bai zo ba.

Ban goge ba, amma ban faɗa ba. Kuma akwai abin da ya fi tsorata ni, wanda ko Yaya bai sani ba. Wata rana mun bi ta kasuwa, Baba ya tsallaka titi gaida wani, sai Tauraro ya jiyo ƙanshin tantabarun da ake sayarwa. Nan take ya ƙame a tsakiyar titi, ƙafa a ɗage. Masu Keke Napep suna ta hon, ina kiran sunansa, har tura shi na yi, kamar ina tura turmi. Sai da wata tifa ta ja birki, Baba ya juyo ya yi fitonsa, sannan ya motsa. Haka aka hore shi, ba ya karɓar umarnin kowa sai wannan fiton. In a Keffi haka ta faru, ina ga titin Abuja inda ba za a ji fito ba?

Amma kuma Tauraro ya shekara tara, bakinsa ya fara fari, Baba ma gwiwa ta fara ba shi matsala. Ban ga alamar za a sake samun irin wannan dama ba. Mutumin nan bai taɓa tsayawa a gaban taro an yaba masa ba sai bara. Kullum da safe nakan biya in gaishe shi kafin in wuce makaranta, yanzu ba na iya haɗa ido da shi. In na faɗa masa zai tafi, in wani abu ya same shi Yaya ba zai yafe mini ba. In na yi shiru, ni ba zan yafe wa kaina ba. Yaya zan yi?

'Yar Mafarauci, Keffi.

AMSA

'Yata, na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun don jin daɗi kawai. Ni da nake tsallake titi in na hango kare, sai ga ni ina son ganin Tauraro. Dabbar da za ta riƙe nama a baki ba ta ci ba, ta tsaya cak har sai an ba ta izini, aikin shekaru ne na mutum mai haƙuri da sanin abin da yake yi. Ki riƙe wannan a ranki, domin shi ne mutumin da ke da yayanki kuka yanke wa hukunci a bayan idonsa.

Yayanki ba mugu ba ne, kuma tsoronsa ba shirme ba ne. Dattijo mai bindiga a tashar mota yana iya shiga halin da bayani ba zai fitar da shi ba. Sai dai duk abin da Zulkifilu ya lissafa matsalar hanya ce, ita kuwa hanya ana gyara ta. Ki kira Baba Malachi ki tambaye shi ko sai da bindiga za a yi nunin. Sau da yawa a irin wannan taro na cikin birni aikin karen ake son gani. In ba dole, ta zauna a gida. In dole ne, to ta tafi a motar ƙungiya, a naɗe, babu harsashi a ciki, tare da takardar izininta da wasiƙar gayyata mai hatimi, kuma ƙungiyar ta sanar da 'yan sanda tun kafin ranar. Rigar layu ta shiga jaka, sai an isa filin a sa. Kada su hau motar haya ta tasha, a samo direban da kuka sani, su tashi da hantsi su isa da rana.

Shi kuwa Tauraro, igiya ce maganinsa. Daga ƙofar gidanku har cikin filin taro kada a kwance ta, kuma a hannun Baba za ta kasance. Ku kai shi wurin likitan dabbobi a duba shi, a riƙo katin rigakafinsa. Labarin kasuwar nan kuma ki maimaita wa Baba shi yadda kika gan shi. Wanda ya koya wa kare tsayawa ya fi ni da ke sanin yadda zai tsallakar da shi titi.

Zulkifilu kuma ki ba shi aiki, don mai tsoro in ba shi da abin yi sai ya yi ta hana mutane motsi. Tunda ya san Abuja, shi zai tarbe su, shi zai sauke su, shi zai tsaya kan maganin hawan jini. Bai je Garaku ba, bai ga abin da kika gani ba, ya kamata shi ma ya gani.

Saura magana ɗaya, ki yi haƙuri da ita. Kina ganin aminin shekara arba'in zai yi makonni uku bai ji amsa ba, bai ɗaga waya ya kira abokinsa ba? Wayar mai tocila ai tana karɓar kira. Ni dai zuciyata na gaya mini Baba ya san da gayyatar nan tuntuni, kuma kullum da safe in kin durƙusa gaishe shi, jira yake ki faɗa da bakinki. Kada ki bari sai ya tambaya. Gobe ki je da wayar a hannu, ki karanta masa saƙon, ki gaya masa ranar da ya zo, ki nemi gafararsa. Zuwa ko fasawa kuma nasa ne.

Allah Ya kai su lafiya Ya dawo da su lafiya, Ya ƙara wa Baba ƙarfin gwiwa, ke kuma Ya sanyaya miki zuciya.

Taku, Gwaggo Hajo.