Ɗankwalin da na bar wa teku

Zuwa ga ƙanwata Ladi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yayarki Hajara ce, daga Kuala Lumpur. Eh, ni ɗin da ko Kontagora ban taɓa wucewa ba. 'Yata Bilkisu ce ta ɗauko ni renon jikoki, mijinta yana koyarwa a jami'a.

Kin san bakina. Kullum sai na ba yaran labarin wata Ladi 'yar ruwa mai yi wa kifaye kitso alhali ba su da gashi. Dariya suke har da faɗuwa. Ko uwarsu ba ta san an taɓa haihuwarki ba.

Hutun nan surukina ya kai mu Langkawi, muka shiga jirgin ruwa irin mai ƙyallen da iska ke turawa, daga wannan tsibiri zuwa wancan. Yara uku, kowa da rigar hana nutsewa. Duk inda muka tsaya sai na ƙirga kawuna. Idona ya ga uku, bakina ya ce huɗu.

Autarsu Nana shekararta biyar, daidai inda kika tsaya. Ta leƙa ruwa tana jefa gutsuren biskit, wai na Ladi ne, kada ta ji yunwa. Na damƙe hannunta har ta ce, "Kaka, da zafi lah!" irin yadda yaran ƙasar nan ke ƙarasa magana.

Sai iska ta fizge ɗankwalina.

Kin tuna wancan nawa na sallar nan muna yara, ja mai ɗigon fari? Muna cikin kwalekwale a Yawuri, Inna ta ce, "Hajara, komai rintsi kada ki saki hannunta." Iska ta ɗauke ɗankwalin, na kai hannu biyu na cafe. Ko da na juyo, ruwa ne kawai yake zagayawa a gefen da kike. Na ce wa Inna ke kika fizge. Har ta rasu haka ta sani.

Wannan karon ina kallo ya tashi, ya sauka can nesa, ya nutse. Furfurata duk a waje. Surukina ya sunkuyar da kai, jikoki suna ihu wai kan Kaka kamar auduga. Na ce ku dara, naku ma yana hanya. Ban saki Nana ba sai da ƙafarta ta taka yashi.

Jiya na zaunar da Bilkisu a falonmu na unguwar Pantai Dalam na faɗa mata ta yi ƙaramar uwa. Na faɗa mata har ɗankwalin.

Ladi, ba ke kika fizge ba. Ki yafe mini. In wannan ɗankwalin ya iso gare ki, ki ɗaura, naki ne. Wancan ya kamata in bari.

Allah Ya haskaka makwancinki duk inda ruwa ya ajiye ki, Ya haɗa ki da Inna, Ya haɗa mu a inda ba a rabuwa.

Taki har kullum,
Yaya Hajara