Furen Bado Ba Nawa Ba Ne

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni Na'iya ɗan Malam Dawuda, mutumin Tambuwal, nake rubuta wannan takarda a zangon Kumasi, cikin Sha'aban na 1384. Ƙirjina ya gaji, ƙafafuna sun kumbura, amma hankalina yana nan daram, kuma ba wanda ya tilasta ni. Zuwa gare ku 'ya'yana, Almu da Zahara'u. Namadi mai fataucin goro zai kawo muku ita. Ku karanta ta kuna zaune a tabarma ɗaya, ba kowa a garinsa ba.

Na ɗaya. Gidan Tambuwal da gonar hanyar Dogon Daji, alƙali ya raba muku yadda Allah ya ce. Ba a yi wa magaji wasiyya, ba ni da ta cewa a nan.

Na biyu. Kayan aikina na yi kyautarsu tun bara gaban shaidu, kafin ciwo ya kwantar da ni: almakashi, aska, da ƙashin haƙarƙarin ragon da nake danne ninki da shi. Na Zahara'u ne. Almu, na san ranka zai ɓaci. Karanta na uku kafin ka buɗe baki.

Na uku. Kun taso kuna jin ni na kawo furen takarda ƙasarmu, kuma haka ne. Matar wani Baturen gona na ga tana yi a bariki, na koya da ido, na dawo na mayar da shi namu. Na rina takarda da baba da karan dafi da gangamau, na ninka furen kaɗa, wato auduga, da na rama da na kabewa, na manna su da ƙaro a katin barka da Sallah. Akawuna da malaman makaranta suka riƙa saye suna aika wa 'yan'uwansu Sakkwato da Kaduna. Shekara goma sha biyu ba ni da na biyu. Aibu ɗaya ne ya gagare ni: in kati ya shiga ambulan ya kwana a jakar gidan waya, furen kan isa a murƙushe.

Shekarar mulkin kai aka ce in yi kati ɗari uku, kore da fari. Lokacin, ke Zahara'u, kin zo gida daga Kebbe wankan jego, kina tsince guntayen da na zubar don rage zama. Wani hantsi kika miƙo mini kati a rufe, lafe kamar ba komai ciki. Na buɗe, sai furen bado ya tashi tsaye ya baje. Na rufe, ya kwanta. Ban ce madalla ba. Cewa na yi gefensa ya karkace, alhali bai karkace ba.

Ke kika ninka ɗari ukun nan da jariri a cinya. Ni na kai su kasuwa, aka yi ta cewa badon Na'iya, ina amsa gaisuwa. Na keɓe da guda, na warware shi, na ƙirga ninki goma sha bakwai, na kasa mayar da shi. Da aikin ya ƙare na hana ki taɓa takarda, wai mai jego ba ta wasa da aska. Da rani ya shigo na ce muku takarda ta fi araha a Kumasi, na taho. Ba takarda ta kore ni ba. Na kasa zama gari ɗaya da hannun da ya fi nawa, ko da ni na haife shi.

Kowace ƙaramar Sallah kina aiko mini da kati, ban taɓa amsawa ba. Guda fuɗu ne, duka na warware su, ko ɗaya bai koma ba. Na bara har da ganye kika ƙara masa, kwana uku ban ji daɗin abinci ba. Ba zan yi ƙarya a bakin kabari in ce zafin ya tafi ba. Ko yanzu in na tuna ni na yi shekaru ina ƙona yatsu a tukunyar ƙaro, ke kuwa a zaman jego aka ba ki, sai in ji wani abu ya tokare ni. Malamai sun san sunansa, hassada, ni ma ɗan malam ne. Amma Allah ya ba ki, kuma bai shawarce ni ba.

Na fuɗu. Almu, fatake sun gaya mini ka je Kebbe wurin Ɗangiwa mijinta, ka ce bado gadon gidanmu ne, ya hana ta aika kati kasuwa. Tun ranar kai da ita ba ku gaisa ba. Rabin laifin nawa ne, ni na bar ka da ƙarya. Sauran rabin naka ne, don ka san hannunka bai taɓa ninka bado ya tashi ba. Ka janye maganar gaban Ɗangiwa da mutanen da suka ji ta. Duk wanda ya sake cewa badon Na'iya, ka gyara masa.

Na biyar. Kafin Sallar nan ka koma Kebbe, ka zauna gaban ƙanwarka, ka ce ta koya maka. Koya mini, kalma biyu ce. Ni na gwammace a rufe ni a ƙasar wasu da in faɗe su, kada ka gaje ni a nan. Ke kuma ki koya masa duka, kada ki rage ninki ko ɗaya. In kin yafe mini, alhamdu lillahi. In ba ki iya ba tukuna, ba zan ce kin zalunce ni ba, sai dai kada ki rama a kansa.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku, ya jiƙan uwarku Atu. Ku biyu kaɗai muka bari. Kada tafiyar yini tsakanin Tambuwal da Kebbe ta fi ƙarfinku. In ɗaya ya yi fushi ya ƙi zuwa, ɗayan ya ɗaura kaya ya tafi.

Ubanku,
Na'iya