Sunan da Na Tsallake a Rajista

Zuwa ga ɗana na fari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'a, na zaɓi in rubuto maka a fili, inda kowa zai karanta, domin shiru ne ya kawo mu nan.

Ranar Laraba, kwana tara bayan ƙaramar Sallah, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, motar da ta ɗauko ka daga Sara, inda ka je gaida kakarka, ta kife a hanyar Gwaram. Ka cika a asibitin Birnin Kudu kafin magariba. Shekarunka goma sha takwas. Kwananka ashirin da uku da dawowa daga Amurka, inda ka yi shekara guda a wata makarantarsu bisa tsarin musayar ɗalibai.

Wasiƙunka goma sha ɗaya suna gabana. Ka ce a can ɗalibai ne ke tashi su bi malami ajinsa idan an kaɗa ƙararrawa. Ka ce yarinya takan ɗaga hannu ta ce wa malami ya yi kuskure, shi kuma ya gode mata. Ba kome ne ya burge ka ba. Ka yi ƙorafin gaisuwarsu, kalma ɗaya a tsaye, ba tambayar gida ba tambayar gajiya. Miyarsu kuwa, ka ce ruwan zafi ne da aka nuna wa nama daga nesa.

A wasiƙa ta bakwai ka ba ni labarin maigidan da ka sauka a wurinsa. Kuna cin abinci ya tambaye ka da wane suna mahaifinka yake kiranka. Ka ce, “Ba ya kirana, ni nake zuwa.” Matarsa ta ƙara maka nama don tausayi. Ka yi ta yi musu bayani cewa a wurinmu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, kunya ce ba ƙi ba. Ka kare ni sosai. Sai a ƙasan takardar ka ƙara layi ɗaya: “Amma Baba, da zan ji shi a bakinka ko sau ɗaya, da na so.”

Amsata shafi biyu ce. Na gyara maka Turanci wuri huɗu da jan biro, na ja hankalinka kan sallah a kan lokaci. Wannan layin ban taɓa shi ba.

Ka tuna shekarar da kake ajina a firamare. Kowace safiya ina kiran rajista, idan na zo kan sunanka sai in ɗaga kai, in gan ka, in sa alama, in wuce. 'Yan ajinku suka laƙaba maka Tsallake. Ba ka taɓa kawo mini ƙara ba.

Ranar da na je tarbarka a filin jirgin Kano na yi niyyar kiran sunanka. Tun daga Birnin Kudu nake maimaita shi a zuci. Ka fito, ka durƙusa a gaban Turawa ba ka damu ba, abin da ya fito daga bakina shi ne, “An iso lafiya?” Na ce a raina akwai lokaci. Ko a zaman makoki, “marigayin” nake cewa.

Shugaban makarantarku ya nemi in je ranar Litinin in karanta wa ɗalibai wasiƙunka, tunda kai aka shirya za ka tsaya ka ba su labarin tafiyar. Na amsa. Baffanka ya ce in ba wani malami, uba ba ya tsayawa gaban jama'a da zancen ɗan fari. Na gaya masa cikin ladabi cewa ni zan karanta, har da ta bakwai, kuma kowace zan karanta ta har sa hannun da ke ƙasa. Ba al'adar nake tuhuma ba, ɗana. Kai ka roƙa, ni na ji, na yi shiru.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ba mahaifiyarka haƙuri, ya yafe mini. Allah ya sada mu a Aljanna, Sa'idu.

Rubuta shi ba wuya, na sha yi a bayan ambulan. Faɗinsa da baki ne ban yi ba tukuna. Litinin, ƙarfe takwas na safe.

Mahaifinka,
Gwaram