Hannun da Ya Koyi Riƙo

Ya ke Malamata, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan da ya sauka a gonata bayan na fid da rai!

Kada ki yi wa rubutun nan dariya. Na san layukan sun karkace kamar sawun kaza, na kuma san jan biron nan naki yana ƙaiƙayin gyara. Ki taimaka ki ajiye shi yau.

Kin tuna yammacin da na nemi korar ki? Injin yankan katako ya ci jijiyoyin hannuna na dama, likita ya ɗinke, amma yatsun suka ƙi jin magana. Kafintan da ko cokali ba ya iya riƙewa, me ya rage masa? Na juya fuska bango, na ce ki koma gidanku tun da sauran ƙuruciyarki. Ke kuwa ko gezau! Kika jawo kujerar nan mai gurguwar ƙafa da na daɗe ina alkawarin gyarawa, kika baje littattafanki a kan gado, kika hau shirya darasin gobe da ƙarfi, wai ni ne ɗalibin.

Wata kalmar Turanci kike bi, obtain. Kika ce ma'anarta mutum ya samu abu bayan ya nema, ya sha wuya, asalinta kuma daga Latin ne, daga kalmar da ke nufin riƙewa. Wallahi raina ya ɓaci, na ɗauka habaici kike yi mini. Sai kika sa ɗan yatsanki a tafin hannuna, kika ce in riƙe. Na kasa. Washegari kika sake sawa, kullum haka, kina murza mini yatsu da man zafi, kina tsokanata wai 'yan aji ɗaya sun fi ni ƙoƙari.

Wace irin mace ce ke? Da wane baki zan gode miki, farin watana, iskar asubata? Abokaina suna cewa na yi dace da na same ki. Ina! Ni ne na saki hannu, ke ce kika riƙe.

Jiya na buɗe shago. Na ɗauki guduma ta zauna a hannuna daram, na buga ƙusa ta shige ba ta lanƙwashe ba. Na zauna a kan tarin katako na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba. Da hannun nan kuma nake rubuto miki wannan.

Idan kin taso daga makaranta, ki zauna a kujerar nan ki ji ko tana girgiɗi. Sannan ki miƙo mini ɗan yatsan nan. Ki shirya, rabin raina, domin wannan karon ba za ki iya zare shi ba.

Naki har numfashi ya ƙare,
Kafintanki, ɗalibinki mai taurin kai.